Jinin Kan Lubabatu

Tungar Bala, ƙasar Adabka
6 ga Agusta, 2017

Zuwa ga Yayata Zulai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da dukkan mutanen Gummi. Mu nan sai godiya. Ruwa kullum, gulbi ya cika har ya taɓo gonakin bakin gari.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Iska ta kayar da ƙarfen sabis yau mako uku, waya ta koma fitila kawai. Malam Umaru mai kwalekwale zai haye da ita ya ba direban Gummi.

Yaya, maganar abin nan na kaina ce. Kin san ɗan kumburin da ke bisa kunnena na dama, wanda bai fi gujiya ba. Tun da cikin nan ya shiga wata biyar ya fara girma, yanzu ina wata bakwai, tafin hannuna ba ya rufe shi. Jijiyoyi sun tashi kewaye da shi, sun nannaɗe kamar tana a ƙarƙashin fata. Bugawa yake yi. In na zauna shiru ina jin shuu, shuu a cikin kunne, ko ana magana da ni ina jinsa. Tsakiyarsa ta yi sheƙi, ga wani ɗan ɓawo baƙi da ya ƙi warkewa. Kitso na daina tuni.

Surukata Inna Tabawa ta kira Malam Sambo wanzami don ya tsaga ya fitar da mugun jini. Ya ɗora yatsu biyu a kai, ya daɗe yana jin bugunsa har na ƙosa. Sai ya naɗe zabirarsa ya ce, "Tabawa, wanga abu ba ƙurji ba ne. Zuciyarta ce ke bugawa a ciki. Shekara arba'in ina riƙe da aska, ban taɓa jin tsoronta ba sai yau. Ku kai ta wurin malamar asibiti."

Malamar asibitinmu Sista Gloria ce, 'yar Zuru. Ta ce jijiyoyin jini ne suka harɗe, mai kai jini da mai dawo da shi suka haɗe baki, kuma aikin sai babban asibiti a Sakkwato. To wa zai kai ni? Maigidana, Baban Laraba, yana Bagega wurin haƙar zinari tun kafin azumi, bai san halin da nake ciki ba.

Sista ta tambaye ni ko da shi aka haife ni. Na ce ban sani ba. Innarmu ta rasu, ke kaɗai kika rage da za ki sani. Don Allah ki gaya mini.

Laraba tana gaishe ki, ta fara ƙirga har ashirin. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Lubabatu

*

Gummi
9 ga Agusta, 2017

Lubabatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaishe ki. Takardarki ta same ni ina shanyar shinkafa, na karanta a tsaye.

Wato wata biyu abu yana girma a kanki, sai yanzu kika ga damar faɗa mini? Lokacin da waya ke aiki me kika riƙa ce mini? "Lafiya lau, Yaya." Haka kike tun kina yarinya, ciwo sai ya kayar da ke ake sani.

Saurara. Kada ki sake ɗaukar ko ƙwarya a kai. Kada ki yi daka. Kada ki bar kowa ya shafa miki wani magani, ko wane ne ya kawo. Allah Ya saka wa Malam Sambo da alheri da ya san iyakar sana'arsa. Na aika wa mijinki Haladu saƙo ta hannun wani mai kai buhunan shinkafa Anka. Ruwa na ja baya ki hayo, daga nan ni zan kai ki Sakkwato da kaina, ko ya zo ko bai zo ba.

Maganar ko da shi aka haife ki, wa ke tuna abin shekara ashirin da shida? Ki ce musu tun kina ƙarama yake.

Ki gaida Inna Tabawa da kyau. Allah Ya raba lafiya.

Yayarki,
Zulai

*

Asibitin Tungar Bala
13 ga Agusta, 2017

Zuwa ga Malama Zulai,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ba ki san ni ba. Sunana Gloria, ni ce ma'aikaciyar lafiya a garin da ƙanwarki take aure. Zan fara da abin da za ki fi son ji: tana da rai, abin da ke cikinta ma yana motsi.

Jiya da hantsi ta zo kwance ɗankwali za ta yi alwala, ashe ya manne wa ɓawon. Da ta ja, sai ya taho da shi. Inna Tabawa ta ce jinin ya yi tsartuwa har bangon ɗaki. Tsohuwar ta yi abin da ya cece ta: ba ta tsaya neman toka ko ganye ba, ta dunƙule zani ta danne wurin da iya ƙarfinta, aka ɗauko su tare a kan amalanke.

Da suka iso na sa auduga mai kauri na danne da babban yatsana. Da ɗaya hannun na danne gaban kunnenta, inda babbar jijiya ke hawa zuwa kai. Ƙarfin jinin ya ragu amma bai tsaya ba, domin akwai wasu jijiyoyin da ke kawo shi ta ƙeya da ta goshi. Duk lokacin da na sassauta don in duba, sai ya taso. Ni kaɗai ce a asibitin. Abokin aikina ya tafi Bukkuyum karɓo magunguna, ruwa ya tare shi a can. Ruwan da zan ƙara mata yana kan tebur, taku uku tsakanina da shi, amma ba ni da hannun ɗauka. Haka na tsaya har aka kira azahar.

Malam Sambo ne ya leƙo. Na ce, "Baba, ka wanke hannu da sabulu ka zo." Na nuna masa wurin, na zare yatsana ya maye da nasa. Na sa mata ruwa leda biyu. Sannan na sake karɓar dannar, shi kuma ya aske gashin da ke kewaye, a hankali, askarsa ba ta ko shafi jijiya ɗaya ba.

Bakin ciwon ba ya ɗinkuwa, fatar ta yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Sai na ja baya zuwa inda fata ke da ƙarfi, na bi da yatsa ina neman duk inda ke bugawa, ina zurma allura ta ƙarƙashinsa ina ɗaurewa da zare mai kauri. Wuri biyar na ɗaure. Lubabatu ta ciji gefen zani, sunan Allah kawai take kira. A na biyar Malam Sambo ya ce, "Malama, ya yi sanyi ƙarƙashin hannuna." Muka ɗaga. Ɗigo kawai yake. Na cika auduga na naɗe kan da bandeji tamau.

Malama Zulai, ba zan ɓoye miki ba. Wannan ɗauri na 'yan kwanaki ne, ba magani ba. Tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari, tana buƙatar ƙarin jini, nan kuwa ba mu da shi. Ruwa ya tafi da kwalbatin hanyar mota. Hanyar daji kuma tun watan jiya ba mai bin ta saboda 'yan bindiga. Gulbi kaɗai ya rage.

Ina roƙon ki abu uku. Ki samo mota ta jira a wancan ƙetaren. Ki je a gwada jininki da na duk ɗan'uwan da ya yarda. Na uku, ki yi ƙoƙari ki tuna ko ta taɓa buguwa a wurin nan tana ƙarama. Likitoci za su tambaya, kuma gara su ji gaskiya.

Allah Ya taimake mu.

Taki,
Gloria

*

Asibitin Tungar Bala
15 ga Agusta, 2017

Yayata,

Salamu alaikum. Ki yi haƙuri da rubutun, a kwance nake yinsa, Sista ta riƙe mini katako.

Kwana uku ke nan ina kan gefen hagu, an tokare mini kai da matashi biyu. An hana ni juyawa, an hana ni yunƙuri. In atishawa ta taso sai in danne hanci ina addu'a har ta koma. Tuwo ma an hana ni saboda tauna, sai kunu da cokali. Na san duk tsagar da ke bangon nan. Akwai wani zanzaro da ke gini a kusurwa, shi kaɗai ke shiga da fita yadda ya so.

Laraba ba a bari ta shigo, don kada ta faɗa mini a jiki. Inna Tabawa takan ɗaga ta ta taga. Jiya ta ce, "Inna, wa ya naɗa miki rawani?" Na so in yi dariya, Sista ta zaro mini ido.

Bandejin ya matse har idona na dama ya kumbura. Ƙarar nan ta ragu, amma tana nan. Yanzu tsoron jin ta nake, tsoron rashin jin ta nake. In ɗan cikina ya motsa sai in ce masa ya yi a hankali, jinin da ya rage mu biyu ne a kansa.

Sista Gloria ya kamata ta tafi gida hutu tun ranar Asabar, 'yarta na jiranta a Zuru. Ko masai za ta sai ta ajiye Malam Sambo a bakin gadona.

Yaya, in Allah Ya yi nasa ikon, ki ɗauki Laraba. Ki sa ta makaranta. Ba ta cin kuɓewa, kada a tilasta mata. Ban ji komai daga babanta ba. Ki yafe mini duk abin da na yi miki.

Ƙanwarki,
Lubabatu

*

Bakin gulbi, wancan ƙetaren naku
17 ga Agusta, 2017

Lubabatu ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Ya jiki? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya saka wa Sista Gloria da Malam Sambo.

Ina nan tun jiya da mota. Daga inda nake zaune ina hango rufin kwanon asibitinku. Na yi wa Malam Umaru magiya ya haye da ni, ya ce shi kaɗai ma da ƙyar yake kaiwa, ruwan na jan itatuwa, ba zai ɗauki rai biyu ba balle mai ciki a kwance. Na zage shi, Allah Ya yafe mini, duk da haka ya yarda zai kawo miki takardar nan. An gwada jinina a Gummi, irin naki ne. Haladu ya samu saƙo, ya fito har Anka, can aka tsare motoci saboda an tare hanya. Yana nan tafe.

Kin ce in yafe miki. Ba ke ce za ki nemi yafiya ba.

Ba da shi aka haife ki ba. Na sani, kuma ban manta ba ko na rana ɗaya. Kina wata takwas, ni ina shekara goma. Inna ta tafi fadama yankan shinkafa, ta goya mini ke, ta ce kada in fita ƙofar gida. Sai aka ce masunta sun kamo giwan ruwa mai tsawon mutum. Na ruga kallo. A gangaren gulbi zanin ya kwance, kika suɓuce, kanki ya bugi bakin wani kwalekwale, daidai bisa kunne. Kika yi shiru, shirun da har yau nake ji, sannan kika tsala kuka. Na wanke jinin da ruwan gulbi, na danna da bakin zanina har ya tsaya, na sa miki hula. Da Inna ta ga kumburi na ce rina ce ta harbe ki. Ta yarda. Ta shafa miki man shanu. Har ta koma ga Allah ba ta sani ba.

Duk kitson da na yi miki kina yarinya, ina kaucewa wurin. Kin sha tambayata me ya sa layin dama ke karkacewa, ina ce miki kanki ne ba daidai ba. Da kika tambaye ni a takardarki ta farko, na sake yi miki ƙarya, kina cikin wannan hali. Wannan ta fi ta farko muni, don yanzu ba yarinya ba ce ni.

Ki nuna wa Sista takardar nan, ta rubuta wa likitoci. Ba sai kin ba ni amsa ba. Ba zan bar bakin ruwan nan ba sai da ke.

Yayarki,
Zulai

*

Asibitin Tungar Bala
18 ga Agusta, 2017

Zuwa ga Malama Zulai,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta mata takardarki da bakina, domin idonta ya kumbura. Ta karɓa ta sa a ƙarƙashin matashi. Na gode da kika faɗa, na rubuta a takardar da za mu kai wa likita.

Yau da la'asar ta yi tari, zare ɗaya ya yanke fata, jini ya ɓalle ta wajen ƙeya. Bai kai na farko ba, mun tsayar da shi ni da Malam Sambo, amma da zarena na ƙarshe na ɗaure. Ledar ruwa ɗaya ta rage. In ya sake ɓallewa ba ni da abin yi sai yatsa.

Saboda haka ba za mu ƙara jiran ruwa ya janye ba. Malam Umaru ya ce ya ragu da kamu ɗaya, kuma ya samo babban kwalekwale da mutum biyu masu tuƙi. Na gaya wa Lubabatu haɗarin zama da haɗarin tafiya, ban rage mata komai ba. Ta ce, "Sista, gara ruwa. Na gaji da bangon nan." Inna Tabawa ta yarda a madadin ɗanta.

Gobe rana na fitowa za mu taso. Zan zauna da kanta a cinyata, hannuna a kan bandeji. Malam Sambo zai zauna kusa don ya karɓe ni in na gaji, ko da yake ya ce bai iya iyo ba. Ki sa direba ya kawo motar har bakin ruwa, a cire kujerar baya a shimfiɗa katifa. Kada kowa ya rungume ta, har ke.

Ku yi mana addu'a irin taku, ni ma ina yin irin tawa.

Taki,
Gloria

*

Sakkwato
23 ga Agusta, 2017

Zuwa ga Sista Gloria,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kin koma lafiya, ke da Malam Sambo. Kun juya tun kafin in buɗe baki in yi godiya. Har yanzu ina ganin lokacin da kututturen nan ya bugi kwalekwalenku ya juya da ku, mutanen bakin gulbi suna salati, ke kuwa ko ɗaga kai ba ki yi ba.

Yadda kika nuna mini in riƙe, haka na riƙe har Sakkwato. Bandejin ya jiƙe a hanya amma bai zuba ba. Likita ya kwance ya ga ɗaurinki, ya tambayi wanda ya yi. Na ce wata Sista ce da wanzami. Ya sake tambaya, na sake faɗa.

An ɗibi jinina an ƙara mata, Haladu ya iso washegari aka ɗibi nasa. Shekaranjiya suka shiga da ita tiyata suka ɗaure manyan jijiyoyin daga tushe. Sun ce cire abin gaba ɗaya sai bayan ta haihu, kuma a nan za ta zauna har lokacin. Ɗan cikin yana lafiya.

Tun a mota ba ta ce mini komai ba, ni ma ban ce ba. Ina dafa kunu in ba Haladu ya shigar mata. Ni ina baranda. Nakan kai bakin ƙofa in hango bayanta, sai ƙafata ta ƙi.

Ki gaida Inna Tabawa, ki shafa mini kan Laraba. Allah Ya kai ki gida wurin 'yarki lafiya.

Taki,
Zulai

*

Ɗakin mata, gado na shida
24 ga Agusta

Yaya,

Salamu alaikum. Na ba Baban Laraba wannan ya miƙa miki a baranda.

Na tambayi likita ko faɗuwar ce ta jawo. Ya ce mai yiwuwa ne, mai yiwuwa kuma ba ita ba ce, ba wanda zai iya rantsewa. Ni ban damu da wanne ne ba. Na yi fushi kwana biyu, ba don kin yar da ni ba, don kin bar kanki da wannan abu ke kaɗai shekara ashirin da shida. Yarinya ce 'yar shekara goma ta je kallon kifi. Na yafe mata, ke ma ki ƙyale ta haka nan.

Ina jin takunki in kin zo ƙofa, amma an hana ni waiwaye. Ki zagayo ta gaban gadon inda zan gan ki. Kunun jiya ya yi tsami da yawa, ki zo in faɗa miki da bakina.

Ƙanwarki,
Lubabatu